Kayan Kariya a Wasan Zamiyar Alkafura a kan Dusar Ƙanƙara

Assalamu alaikum, masu kallonmu na Garwa, Marwa, Ngaundere, Kusuri, Injamena da sauran garuruwa. Da yawa daga cikinmu mun taɓa cin karo a wayoyinmu da bidiyon wani matashi ya ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafafunsa, ya gangaro daga dutse mai lulluɓe da dusar ƙanƙara, ya tashi sama ya yi alkafura biyu ko uku, sannan ya dira da ƙafafunsa ya wuce abinsa. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne abin da ke ƙarƙashin rigar wannan matashi, da kuma yawan faɗuwar da ya sha kafin a ɗauki waɗannan daƙiƙu goma. Yau za mu yi bayanin kayan kariyar da masu wannan wasa suke sakawa, da yadda kowanne yake aiki, da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Wannan wasa rassa gare shi. Akwai na gangarowa ta kan ƙananan tuddai masu jere da juna, wanda ya shiga gasar Olamfik ta hunturu a matsayin wasan lambar yabo a 1992 a Albertville ta ƙasar Faransa. Akwai na tashi sama a yi alkafura, wanda ya biyo baya a 1994 a Lillehammer ta Norwe. A 2010 aka ƙara tseren mutum huɗu a hanya ɗaya mai lanƙwasa da tsalle, a 2014 kuma aka shigo da wasan kwari mai siffar rabin bututu da wasan filin da aka jera wa ƙarafa da tuddan tsalle, sai a 2022 a Beijin aka ƙara babban tsalle guda ɗaya. A nahiyarmu ma ana zamiya a Oukaïmeden cikin duwatsun Atlas na Maroko da kuma Afriski a Lesoto, kuma yaranmu da suke karatu a garuruwa irin su Grenoble suna zaune ne a gindin duwatsun da ake wannan wasa, abokan karatunsu kuwa ba sa rasa gayyatarsu.

Kafin mu ɗauki kayan ɗaya bayan ɗaya, ya kamata mu fahimci abin da ke raunata mutum idan ya faɗi. Tsayawa farat ɗaya ce take yin ɓarna. Duk wanda ya taso a yankin auduga ya san yara suna dirowa daga kan mota su faɗa tarin auduga su tashi suna dariya, alhali da a kan daɓen siminti suka dira daga wannan tsayin da sai an kwashe su. Gudun da suka zo da shi ɗaya ne, amma audugar ta lotsa a hankali, ta tsawaita lokacin tsayawar jiki, ta kuma raba nauyin a kan faɗin jiki maimakon wuri guda. Kusan duk kayan kariya aikin nan biyu suke yi. Kada kuma kalmar dusa ta ruɗi mai kallo, domin dusar da aka daddanne da injin aka gina wurin tsalle da ita tana da tauri ƙwarai, musamman da safe bayan sanyin dare ya daskarar da ita.

Hular kwano ita ce ta farko, kuma a kanta za mu fi daɗewa. Ɓawonta na waje roba ce mai tauri, aikinta ta hana dutse ko bakin ƙarfe ya huda, ta kuma baza bugun. Amma ainihin mai ceton rai shi ne abin da ke ciki, wato irin farin soson nan mai tauri da ake cusawa a kwalin firji ko talabijin, sai dai an matse shi fiye da haka. Idan kai ya bugu, wannan soso yana murƙushewa, kuma a cikin murƙushewarsa ne yake shanye ƙarfin da zai isa ƙoƙon kai. Da zarar ya murƙushe kuwa, ba ya komawa yadda yake. Saboda haka hular da ta sha bugu mai ƙarfi sau ɗaya ta gama aikinta, ko da a waje tana sheƙi ba tsaga ko ɗaya.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, domin mu mutanen gwanjo ne, kuma a cikin dilar kayan da ake saukewa a kasuwanninmu akan sami hulunan zamiya da na keke da suka fito daga Turai. Mai saye ba shi da hanyar sanin ko hular ta taɓa buguwa, ba shi da hanyar sanin shekarun da ta yi a ajiye, kuma zafi irin namu na watan Afirilu yana lalata roba da manne. Riga da wando da safar hannu na gwanjo ba laifi, amma a ganina hular da ba a san tarihinta ba bai kamata a damƙa mata kai ba.

Hula ta gaskiya tana ɗauke da lambar gwajin da ta ci a manne a cikinta. A Turai lambar ita ce EN 1077, a Amurka kuma ASTM F2040. A wajen gwajin ana saka hular a kan wani kan ƙarfe mai na'urar awo, a sake shi ya faɗo kan maƙera, a auna ƙarfin da ya ratsa. Gudun da ake yin wannan gwaji da shi bai wuce kimanin kilomita 20 zuwa 22 a awa ba. A kwatanta wannan da abin da ke faruwa a filin gasa. Bangon kwarin rabin bututu yana da tsayin mita 6.7, ƙwararru kuma suna tashi mita uku ko huɗu sama da bakinsa. Wanda ya kuskure gangaren ya faɗo tsakiyar kwarin daga tsayin mita 10 zai isa ƙasa da gudun kusan kilomita 50 a awa, kuma tun da ƙarfin bugu yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninku sau biyu, ƙarfin da zai dira da shi ya ninka na gwajin har sau biyar ko shida. Sa'ar da ake ci ita ce yawanci ƙafafu da jiki ne suke fara taɓa ƙasa, kai ya biyo baya da saura.

Daga nan ne kuma ya kamata 'yan kilando da masu hawan babur su ɗauki gargaɗi. Hular zamiya ba ta maye gurbin hular babur, domin ba a gina ta don kwalta da karo da mota ba, ga shi kuma yawancinta ba ta rufe haɓa.

Akwai wani nau'in rauni da soso kaɗai ba ya maganinsa sosai. Yawancin faɗuwa a karkace take zuwa, kai ya taɓa ƙasa yana tafiya, sai ya murɗa da sauri, ƙwaƙwalwa kuma da take shawagi cikin ruwa a ƙoƙon kai ta yi jinkirin bin sa, jijiyoyinta su miƙe. Don rage wannan ne masu bincike a ƙasar Suwidin suka ƙirƙiro tsarin da ake kira MIPS, wata siririyar leda ce a cikin hula da take barin hular ta zame a kan kai da milimita 10 zuwa 15 a lokacin bugu. Tana rage murɗawar, amma babu hular da ta kawar da girgizar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, kuma duk mai sayarwar da ya ce tasa ta yi haka, ciniki yake nema.

Girman hula kuwa da santimita ake auna shi, a zagaya kai da igiyar awon tela sama da gira kaɗan. Hular ta zauna daidai, ta rufe goshi, kada ta koma ƙeya. Idan aka girgiza kai kafin a ɗaure igiyar haɓa, bai kamata ta yi lilo ba, idan kuma aka ɗaure, yatsa ɗaya ko biyu ne kawai za su shiga tsakanin igiyar da haɓa. Iyaye kada su sayi babba don yaro ya girma a cikinta. Ƙasar Italiya ta wajabta hula ga yara 'yan ƙasa da shekara 14 tun 2005, ta kuma ɗaga dokar zuwa shekara 18 a 2022.

Mutum biyu sun isa misali a kan amfanin hula da iyakarta. A ranar 29 ga Disamba 2013, Maikel Shumaka, zakaran tseren mota na duniya har sau bakwai, ya faɗi yana zamiya a Méribel ta Faransa, kansa ya bugi dutse. Likitocin da suka karɓe shi a Grenoble sun ce da ba ya sanye da hula da bai iso asibiti da rai ba, duk da haka raunin da ya samu ya sauya rayuwarsa. Ita kuwa Sarah Burke 'yar Kanada, wadda ta yi ta fafutuka har aka amince a shigar da wasan rabin bututu cikin Olamfik, ta faɗi a wajen atisaye a Park City ta jihar Utah a ranar 10 ga Janairu 2012. Tana sanye da hula, amma faɗuwar ta tsinka wata jijiyar jini ta wuya da ke kai jini ƙwaƙwalwa, ta rasu bayan kwana tara tana da shekara 29, shekara biyu kafin wasan da ta yi wa hidima ya fara a Olamfik ta Sochi a Rasha. Hula ba ta kare wuya, kuma har yau babu wani kayan da ke kare shi yadda ya kamata ba tare da ya hana ɗan wasa juya kansa ba.

Bayan kai sai gadon baya. Masu hawa kan ƙarafa da masu babban tsalle suna saka wata 'yar shara mai faranti a baya, wanda yake sauka daga kafaɗa zuwa tsatso. Lambar gwajinsa EN 1621-2, asalinta ta masu tseren babur ce, kuma tana da mataki biyu, na biyun yana barin rabin ƙarfin da na farkon ke bari ya ratsa. Na zamani ana yin su da wani soso mai laushi da yake bin jiki, amma yake ƙanƙamewa a daidai lokacin bugu. Yana kare ƙashin baya daga bugun ƙarfe ko dutse kai tsaye. Abin da ba ya hanawa shi ne karayar da ke zuwa idan mutum ya dira a zaune ko ya lanƙwashe fiye da kima, domin a nan ƙarfin ta cikin ƙashin yake bi. Akwai kuma gajeren wando mai soso a kwatangwalo da ƙashin gindi, wanda mai koyo zai fi kowa gode masa.

Robar haƙora ƙaramin abu ce da ake yawan rainawa, alhali idan ɗan wasa ya dira da ƙarfi ya durƙushe, gwiwarsa kan bugi haɓarsa, haƙora su karye ko ya ciji harshensa. Tabarau kuma ba don ado ba ne. Sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na haskoki masu ƙuna da ke cikin hasken rana, waɗannan haskoki kuma suna ƙaruwa yayin da aka hau dutse, har su ƙona fatar ido a wayi gari ido na zubar da hawaye kamar an watsa masa yashi. Baƙar fata ba ta kare ido daga wannan. Ranar hazo ana sauya gilashin da mai launin rawaya ko ruwan hoda, domin wanda bai ga gangaren da zai dira a kai ba ya riga ya faɗi tun yana sama. Safar hannu tana kare sanyi da kaifin bakin allo.

Gwiwa ce gaɓar da ta fi shan wahala a wannan wasa, musamman jijiyar nan ta tsakiyarta da 'yan ƙwallon ƙafa ma suke tsinkawa, wadda jinyarta bayan tiyata takan ci wata shida zuwa shekara. Abin da ke rage haɗarin murɗewar ƙafa ba a sa shi a jiki ba, a kan allon yake, wato maƙalar da ke riƙe takalmi. An ƙera ta ta saki ƙafa idan murɗawa ta kai wani mataki, kuma ana saita wannan mataki bisa nauyin mutum da tsayinsa da shekarunsa da tsawon takalminsa da ƙwarewarsa. Matasa sukan ƙara mata ƙarfi da kansu don kada allo ya fice musu a gaban abokai, sai ranar da ya kamata ya fice ya ƙi, ƙafa ta murɗe tare da shi. Wannan saiti aikin mai shagon da ya koyi sana'ar ne.

Ƙwararrun da muke kallo ba a kan dusa suke fara koyon alkafura ba. Suna farawa a kan shimfiɗar tsalle mai ɗamewa, su koma rami cike da yankakken soso, sannan da bazara su riƙa gangarowa daga tudun roba suna faɗawa tafkin ruwa, sanye da hula da rigar iyo, a wasu wuraren ma ana hura iska daga ƙarƙashin tafkin don ruwan ya yi laushi. Sai mai horarwa ya gamsu bayan maimaici mai yawa kafin ya bari a gwada a kan dusa. Matasanmu masu takalmin taya da masu ɗaga keke a titunan Garwa da Injamena suna kwaikwayon ƙarshen wannan aiki ba tare da farkonsa ba, a kan kwalta kuma, kai a buɗe, wannan kuwa abin damuwa ne ga duk mai ɗa.

Saura abin da za a yi idan kai ya riga ya bugu. A watan Maris na 2009, Natasha Richardson, 'yar wasan kwaikwayo ta Ingila, ta faɗi a filin masu koyo a Mont Tremblant ta Kanada, ba ta da hula. Ta tashi tana magana, ta ce ba ta buƙatar likita, daga baya ciwon kai ya kama ta, ashe jini ne yake taruwa tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, ta rasu bayan kwana biyu. Saboda haka wanda ya bugi kansa, a kan dusa ne ko a kan babur, kada ya koma wasa a ranar, kada kuma a bar shi shi kaɗai. Idan ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko ya yi amai, ko ciwon kan ya riƙa ƙaruwa, ko ya rikice yana maimaita tambaya ɗaya, ko barci mai nauyi ya riƙa fizgarsa, ko wani ɓangare na jikinsa ya rasa ƙarfi, a kai shi asibiti nan take. Idan kuma yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ɗaga shi a zaunar, kada a fizge hular daga kansa, a riƙe kan daidai da jiki yadda ba zai motsa ba har masu agaji su iso.