"Tun yaushe?" Tambayar da muke amsawa ba daidai ba

[Tsohuwa tsaye bakin Kasuwar Dole, ƙwarya a hannu]

Kun sha ganin irin bidiyon nan a WhatsApp. An tsinci tsohuwa da asuba a unguwar da ba tasu ba, yara na binta suna cewa mayya. Masu hankalin cikinmu kuma su ce ai gigin tsufa ne, a bar ta. Ni dai duka biyun haushi suke ba ni.

Cutar mantuwa ciwon ƙwaƙwalwa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da ita, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer. Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ma suna jawo ta.

[Layin jiran lokotoro, Babban Asibitin Damagaram]

To, ga inda muke kuskure. Lokotoro zai ce, "Tun yaushe Inna ta fara?" Sai ɗanta ya ce, "Ai ta daɗe." Malam, ta daɗe ba amsa ba ce!

In shekaranjiya Inna ta lissafa kuɗin adashi ba kuskuren ko dala, yau kuma ta kasa gane jikarta, da safe garau, da dare sambatu, wannan ruɗewar farat ɗaya ce. Zazzaɓin cizon sauro na kawo ta, ciwon mafitsara na kawo ta, haka faɗuwar sukari, sabon magani, ko ƙarancin ruwa a jiki a zafin Afrilu. Sau da yawa in aka magance dalilin, tana dawowa hayyacinta. Ranar za a kai ta, kada a jira asabar.

[Hannu na zuba gishiri a miya]

Mantuwar gaske a hankali take shigowa, wata da watanni. Gishiri sau biyu a miyar kuka. Tambaya ɗaya sau biyar kafin la'asar. Carbi cikin tukunya, sannan a ce suruka ta sace. Allah sarki suruka. Shi ya sa ita ya kamata ta raka Inna asibiti, ita ta san bara da bana. Ɗan da ke Yamai waya kawai yake yi.

Sauran da sauri: a asibiti za a ba Inna kalmomi uku ta riƙe, a auna jini don bitamin B12 da maƙoƙo, wani lokaci a ɗauki hoton kai. Magungunan mantuwa irin su donepezil da memantine suna sassauta alamomi, ba sa warkarwa. A kula da hawan jini.

[Allura da zare]

Lambar wayarku kuwa, ku rubuta a ƙyalle ku ɗinke a bakin mayafinta. Takarda tana jiƙewa wurin alwala.