Na je fatsa a Epe, na tuno gulbin Yauri

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Yau Lahadi kasuwa ba ta ci sosai shi ne na ce wa ƙanena ya ɗauko waya mu baro Agege tun da asuba, ga mu nan a Epe. Ƙanena juya musu su ga ruwan. Wannan ba teku ba ne, ruwan daɗi ne, kogin Oshun ne ke zubo masa, shi ya sa ake samun karfasa da tarwaɗa har da yauni kamar kana gida. Yarbawa suna ce wa yauni eja osan, suna ji da shi sosai, har cikin kayan aure suna sa shi.

Ni ɗan Yauri ne, a bakin gulbi na tashi, kakana Basarke ne, amma su ba shi ne sana'ata ba yanzu, albasa nake sayarwa. Fatsa dai sha'awa ce, in na samu tana na sa a ƙugiya na zauna sai in ji zuciyata ta yi sanyi, hayaniyar Legas duk ta bar kaina.

To tun ƙarfe bakwai nake zaune a nan, ku duba bokitin, guda uku. Wannan ta huɗun ce nake so ku gani da kyau, matso da wayar. Kun ga cikin bakinta? Ƙwai ne wallahi, cike. Karfasa a baki take goyo, nan take ajiye ƙwan har su ƙyanƙyashe, tana cikin wannan hali ko abinci ba ta cika ci ba, wannan ma a gefen jiki ƙugiyar ta kama ta. In na kai ta gida loma biyu ce, in na sake ta kifi nawa ne? Bismillah, je ki abinki.

Abin da ya tayar min da hankali a kasuwar kifi ta Oluwo na gan shi ɗazu. Daro guda cike da 'ya'yan kifi waɗanda ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, har da ƙananan yauni, kifin da in an bar shi zai wuce tsawon hannun mutum. Na tambayi wani dattijo da ke gyaran taru, na ce Baba me ya kawo haka, ya ce manyan sun yi wuya, ga kuɗin man jirgi, ga ciyawar nan mai shuɗin fure da ta shigo ta Badagry wajen 1984 tana toshe hanya, dole mutum ya matse idon raga ya kwashe abin da ya samu. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali, amma raga mai ido kamar gidan sauro ba ta barin na baɗi.

Mu ma a gida haka aka yi. Tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya cinye tsoffin garuruwa, kifi ya yi yawa na wani lokaci, masunta suka zo daga ko'ina, sai dala, wato babbar ragar nan da ake ja zuwa gaɓa, ta shigo tana share komai, wasu marasa tsoron Allah kuma suna zuba gamalin, maganin kashe ƙwari, a ruwa kifi ya taso babba da ƙarami, wanda ya ci ma bai tsira ba.

Yanzu da an yi kukan ba kifi sai ka ji an ce gwamnati ta zuba 'ya'yan kifi a dam. Ni ban ƙi ba, a madatsar da aka gina sabuwa ko tafkin da ya ƙafe ya dawo, abu ne mai kyau, kuma cibiyar binciken kifi ta New Bussa akwai masana da suka san kan abin. Amma na shiga gonakin kifi na Ikorodu na ga yadda ake yi wa uwar tarwaɗa allura a tatse ƙwanta, 'ya'yan a tanki suke tashi abinci na zuwa musu har baki, in ba a ware su ba manyan ma cinye ƙananan suke yi, to ka ɗebo irin waɗannan ka juye a ruwan da tsage mai cin 'yan'uwansa kifaye yake, gobe kuma mai dala ya biyo, me ka yi? Kuɗi ne ka zuba a ruwa.

Sannan ba kowane kifi ake kaiwa kowane ruwa ba. Giwan ruwan nan namu da muke alfahari da shi, a shekarun 1950 aka kai shi Tafkin Biktoriya can tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya, zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, ƙananan kifaye iri-iri sama da ɗari suka ɓace.

Ku dubi Argungu kuma. Tun 1934 ake bikin kamun kifi, kuma kogin Matan Fada ba a taɓa shi duk shekara sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, ranar ma da homa da gora ake shiga. A 2020 an fito da kifi mai kilo 78. Hutu kawai aka ba ruwan, kuma akwai wanda ake jin maganarsa. Lokacin kakana in ruwa ya cika kifi ya shiga fadama ya yi ƙwai, akwai wuraren da ko kai waye ba ka isa ka jefa birgi ba, kuma ba ɗan sanda ke tsaro ba, sarkin ruwa ne da mutanen gari.

Mu masu fatsa ma kar mu ce ai ƙugiya ɗaya ce, jiya-jiyan nan aka ce wani ya bar zare a bakin ruwa ya naɗe ƙafar balbela, ga ledojin ruwa ko'ina. Ƙanena kwashe waɗancan ka sa a buhu mu tafi da su.

La'asar ta gabato, mu nemi masallaci kafin hanyar Lekki ta cushe. 'Yan Yauri da Ngaski da Shagunu da ke kallo, dan Allah ku rubuto min a ƙasa, har yanzu ana jan dala a wajenku?