Ina Ruwa Ke Bi Kafin Ya Iso Gash?

(An rubuto daga faifan wata lacca da aka yi a Kassala, ƙasar Sudan)

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwa, kowa a nan ya san halin kogin Gash. Wata tara yana kwance, yashi zalla, yara na buga ƙwallo a cikinsa. Daga Yuli zuwa Satumba sai ya taso jajawur, wani lokaci ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. A tsaunukan Eritiriya aka yi ruwan, kudu da Asmara, inda suke kiran kogin Mareb.

To, in ruwa ya sauka a gangaren dutse, ina yake bi?

Wani ta sama yake bi. In an yi shi kamar da bakin ƙwarya, ƙasa kuma ta daskare saboda kiwo da saran itace, ba ta iya shanye shi, sai ya kwaranyo da laka. Wani Ba'amurke, Horton, ya yi bayanin wannan tun 1933. Shi ne ruwa mai gaggawa, irin wanda ya ci unguwanni a garin nan a 2003.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne mai nutsewa. Yana bin ramin gara, da gurbin saiwar da ta ruɓe, har ya tarar da dutse. Daga nan sai ya juya, ya riƙa tsiyaya a ƙarƙashin ƙasa zuwa gindin tudu. Can ƙasa ke fara ƙoshi, can ƙorama ke fara tsatsowa. Kun ga tiyon da ya wuni a rana? Buɗe famfo, me zai fara fitowa? Ruwan zafi, wanda ke kwance a ciki tun safe. Sabon ne ya turo shi. Haka abin yake a ƙorama: sabon ruwan sama ke turo tsohon da ke kwance a cikin ƙasa. Da masana suka auna sinadaran ruwan ƙoramu a ƙasashe masu daji, sai suka tarar yawancin abin da ke gudu bayan an ɗauke ruwa tsohon ruwa ne. Ni kaina da na fara karantawa sai da na yi gardama.

Wani kuma tsagar dutse yake shiga, ya daɗe. Wanda ya sha ruwan rijiyar Totil da ke jikin dutsen garin nan, irin wannan ruwan ya sha.

Alhaji can baya yana tambayar inda ruwan rijiyoyin lambu ke fitowa. Ranka ya daɗe, Gash ɗin ne dai. Ba ya kai wa teku. Yashi ke shanye shi a hanya, ku kuma ku jawo da inji, ku ba ayaba da albasa har rani ya fita.