Margaret Rutherford, tsohuwar da ba ta ɗauki barkwanci da wasa ba

Masu sauraro, barkanmu da warhaka.

A kowane fim akwai waɗanda ake manna hotonsu a jikin fasta, akwai kuma waɗanda sai an zauna kallo ake sanin da zamansu. Na farkon su ne jarumi da jaruma, masu kyau da ƙuruciya. Na biyun su ne gwaggo mai shisshigi, da shugabar makaranta mai tsawa, da mai gidan haya, da tsohuwar da za ta shigo na minti biyar ta hargitsa komai ta fice abinta. Turawan Ingila sun daɗe da ƙwarewa a irin wannan wasa na gefe, kuma in ana lissafin matan da suka yi suna a cikinsa, da wuya a kai ta uku ba a ambaci Margaret Rutherford ba.

Wanda bai taɓa ganinta ba, bari in kwatanta masa ita. Mace ce mai jiki, gashi fari fat kuma a hargitse, kumatu sun zubo, idanu suna ƙyalli. Tana tafe tana jefa ƙafa, wata alkyabbar ulu na kaɗawa a bayanta. Sai kuma haɓa. Kafin ta furta kalma, haɓar nan ta riga ta fara rawa, ta gaya maka ko fushi ke tafe ko mamaki. Kenneth Tynan, wanda ya yi suna wajen sharhin wasan kwaikwayo a Landan, ya taɓa cewa da haɓarta kaɗai tana iya yin wasa. Bai yi ƙari ba.

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, a kan wannan baiwar Allah karin maganar bai ci ba, domin fuskar da ta shekara talatin tana sa mutane dariya ba ta taɓa ba da labarin abin da ke gidansu ba.

Mahaifinta William Rutherford Benn ɗan wani limamin coci ne mai suna Julius Benn. Bai daɗe da aure ba ya samu taɓin hankali, aka kwantar da shi asibiti. Da aka ga kamar ya samu sauƙi, sai uban ya ɗauke shi suka tafi garin Matlock don ya huta. A can, cikin watan Maris na 1883, a ɗakin da suka sauka, William ya kashe mahaifin nasa da fo na tangaran, irin wanda ake ajiyewa a ƙarƙashin gado. Hukuma ta tabbatar ba ya cikin hayyacinsa, aka kai shi Broadmoor, asibitin da ake tsare masu taɓin hankalin da suka aikata manyan laifuka. Ya shekara bakwai a can. Da aka sake shi a 1890 ya koma ga matarsa Florence, ya yar da sunan Benn, ya ci gaba da amsa Rutherford. Dangin Benn kuwa ba ƙananan mutane ba ne a siyasar Birtaniya. Tony Benn, ɗan jam'iyyar Leba da ya shekara kusan hamsin a majalisa, jikan ɗan'uwan William ne.

An haifi Margaret ranar 11 ga Mayu, 1892, a unguwar Balham da ke kudancin Landan. Iyayen suka kwashe ta suka tafi Madras a ƙasar Indiya, wai ko a buɗe sabon shafi. Tana da shekara uku mahaifiyarta ta rataye kanta. Aka maido yarinya Ingila, aka damƙa ta ga innarta Bessie Nicholson a Wimbledon, aka ce mata ubanta ma ya rasu. Sai da ta kai shekara goma sha biyu ta gano yana raye, an kuma mayar da shi Broadmoor. Bai sake fita daga hannun likitoci ba har ya mutu a 1921.

Daga nan tsoro ya shige ta, tsoron ko ita ma ciwon yana cikin jininta, kuma bai rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta. Ta sha fama da matsanancin ciwon damuwa, an sha kwantar da ita, har da jinyar nan da ake bi da wutar lantarki ta kai. Ba ta haihu ba. A zamanin ba a maganar irin wannan a fili, ita ma ba ta yi ba. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Na tsaya a kan wannan ne don wani dalili. Rawar da aka fi ba ta a duk tsawon aikinta ita ce ta tsohuwar da mutane ke cewa kanta da motsi. A ganina, wanda ya san abin da ke bayanta zai gane dalilin da ya sa ba ta taɓa yi wa irin waɗannan mata izgili ba, kuma rashin izgilin nan shi ne sirrin dariyar.

Amma kafin a kai nan, sai da ta sha jira. Ta daɗe tana koyar da yara kiɗan piyano da gyaran lafazi, tana yawo gida-gida a kan keke. Da innarta ta rasu ta bar mata ɗan abin hannu, sai ta biya kuɗin shiga makarantar wasan kwaikwayo ta Old Vic a 1925. Shekararta 33, lokacin da sa'o'inta suka fara tunanin barin dandamali. Ba ta da irin kyan da masu shirya wasa ke nema, don haka ta yi ta gararamba a ƙananan ƙungiyoyin wasa na garuruwa. Ba ta taka dandamalin manyan gidajen wasa na tsakiyar Landan ba sai 1933, fim kuwa sai 1936. A 1939 shahararren ɗan wasa John Gielgud ya ba ta rawar Miss Prism, malamar gida mai ɗaure fuska a wasan Oscar Wilde, The Importance of Being Earnest, aka fara cewa wace ce wannan.

Abin da ya ɗaga ta shi ne wasan Noël Coward mai suna Blithe Spirit, wanda aka buɗe a gidan wasa na Piccadilly a watan Yulin 1941. Ku tuna lokacin. Jiragen Jamus ba su daɗe da gama ruwan bama-bamai a kan Landan ba, kusan kowa ya yi rashi ko ya san wanda ya yi. A cikin wannan hali aka kawo wasan barkwanci a kan mutuwa da fatalwa, kuma aka yi shi sau 1,997 a jere.

Labarin wani marubuci ne da ya gayyaci wata mata, Madam Arcati, mai da'awar tana magana da matattu, ta zo gidansa ta yi aikinta. Ba don ya yarda da ita ba, so yake ya ga dabarun 'yan damfara ya sa a littafinsa. Sai aka yi rashin sa'a, ko kuwa sa'a, aikin ya ci: fatalwar matarsa ta fari ta dawo gidan ta zauna daram, shi kaɗai ke ganinta, ga kuma matarsa ta yanzu. Kishi tsakanin rayayya da matacciya ke nan.

An ce da farko Margaret ta ƙi karɓar rawar, saboda tana girmama masu wannan aƙida, ba ta son a mayar da su abin dariya. Da ta karɓa, sai ta yi ta bilhaƙƙi. Wanda ya kalli fim ɗin da David Lean ya shirya a 1945 zai ga abin da nake nufi. Ga ta nan tafe a kan keke, alkyabba na tashi. Ta shigo falo da kuzari, ta buɗe taga ta shaƙi iska, ta ɗora faifai a kan garmaho, ta sa kowa ya ɗora hannu a kan tebur. Ta yi musu bayani a natse cewa ruhin da ke yi mata jagora wata ƙaramar yarinya ce mai suna Daphne, tana magana a kanta kamar 'yar maƙwabta. Masu gida suna ƙunshe dariya, ita ko a jikinta. Can sai ta yanke jiki ta faɗi ƙasa a sume. Da daga baya aka gaya mata cewa ai da gaske ta kirawo matacciya, ba ta tsorata ba. Murna ta kama ta, har da tsalle, irin ta ma'aikacin da ya shekara da shekaru yana jiran ranar da aikinsa zai yi kyau haka.

Ko sau ɗaya ba ta kashe wa mai kallo ido ba, ba ta nuna masa cewa ita ma ta san shirme ake yi. Da yawan 'yan barkwanci a nan suke faɗuwa: suna roƙon dariya da gwalo da ihu, suna tsaye a gefen mutumin da suke kwaikwayo suna nuna shi da yatsa. Ita shiga cikinsa take yi ta rufe ƙofa. Shi ya sa a ƙarshen fim ɗin za ka tarar masu wayon ne suka zama abin dariya.

Daga nan aiki ya buɗe. A Passport to Pimlico na 1949 ta fito a farfesar tarihi da ta tabbatar wa mazauna wata unguwar Landan cewa su ba 'yan Ingila ba ne. A The Happiest Days of Your Life na 1950 ta zama shugabar makarantar 'yan mata da kuskuren ma'aikatar ilimi ya cusa a makarantar maza, suka yi ta gwabzawa da Alastair Sim, wanda ya fito a shugaban makarantar mazan. A 1952 ta maimaita Miss Prism a fim.

A nan ya kamata a ambaci mijinta, Stringer Davis, ɗan wasa ne shi ma amma bai yi suna ba, kuma ta girme shi da shekara bakwai. Shekara goma sha biyar suna tare ba a ɗaura ba, saboda mahaifiyarsa ba ta so. Sai da tsohuwar ta rasu suka yi aure a 1945, Margaret ta haura shekara hamsin. Daga ranar ya zama direban rayuwarta: shi ne mai riƙe jaka, mai dafa shayi, mai amsa wasiƙu, mai jinya in ciwon ya motsa, mai kare ta daga 'yan jarida. Ita kuma ta riƙa sa sharaɗin a ba shi 'yar rawa a finafinanta. Ku duba da kyau, za ku gan shi a gefe, wani lokaci ma'aikacin otal, wani lokaci mai kawo saƙo.

Yawancin mutanen duniya sun san ta ne da Miss Marple, tsohuwar nan mai bankaɗo masu kisan kai a littattafan Agatha Christie. Kamfanin MGM ya yi finafinai huɗu da ita tsakanin 1961 da 1964, George Pollock ya ba da umarni. Nan ma sai da ta yi jan ƙafa, don ba ta ga abin nishaɗi a kisan kai ba, kuma mun san dalili. Da ta yarda, ta ce da tufafinta za ta fito, kuma a ƙirƙiro wa mijinta rawar da babu ita a littafi, aka sa masa suna Mista Stringer. A na farkon, Murder, She Said, tana cikin jirgin ƙasa ta hango ana shaƙe wata mata a jirgin da ke wucewa ta gefensu. 'Yan sanda suka ce mafarkin tsufa ne. Sai ta sa kayan leburan reluwe, ta ja Mista Stringer suka bi layin dogo suna neman gawa, daga bisani ta shiga aikatau a gidan da take zargi. A na ƙarshen har faɗan takobi ta yi, tana da shekara saba'in da 'yan kai.

Agatha Christie ba ta ji daɗin finafinan ba, kuma tana da gaskiya. Miss Marple ɗinta siririya ce mai sanyin murya, tana zaune tana saƙa tana sauraro. Ta Margaret kuwa guguwa ce. Biyu daga cikin finafinan ma daga labaran Hercule Poirot, wani mai binciken laifi a littattafan Christie, aka ɗauko su, aka cire shi aka sa ta. Duk da haka marubuciyar ta raba tsakanin fim da mutum: littafinta na 1962, The Mirror Crack'd from Side to Side, ga Margaret Rutherford ta sadaukar da shi. Wani abin sha'awa, Joan Hickson, wadda ta fito a 'yar aikin gida a fim na farko, ita ce BBC ta ɗauka daga 1984 ta yi Miss Marple irin ta littafi. Masu son littafin suka ce yanzu aka yi daidai. Ni dai in an ba ni zaɓi a daren hutu, ta kan layin dogon nan zan kalla.

Lambar Oscar ta zo mata ne ta fim ɗin The V.I.P.s na 1963, wanda aka shirya don a ci kasuwar soyayyar Elizabeth Taylor da Richard Burton. Hazo ya hana jirage tashi a filin jirgin saman Landan, manyan mutane sun maƙale, kowa da matsalarsa. Margaret ta fito a wata basarakiya da talauci ya ci, za ta Florida neman aikin otal don kada gidan gadonsu ya salwanta. Tana lalube a jaka tana neman takardunta, tana haɗiyar ƙwayoyin ƙarfafa jiki, tana kokawa da akwatin hularta da ya ƙi shiga ma'ajiyar kaya. Minti kaɗan aka ba ta. A watan Afrilun 1964, a daren da Sidney Poitier ya zama baƙar fata na farko da ya ci lambar gwarzon ɗan wasa, ita aka ba ta gwarzuwar mai taimakawa. Shekararta 71, ba ta ma je bikin ba, Peter Ustinov ne ya karɓar mata. Taylor da Burton ba su samu komai a fim ɗin ba.

Bayan haka Orson Welles ya sa ta a Chimes at Midnight, Charlie Chaplin ya sa ta a fim ɗinsa na ƙarshe, A Countess from Hong Kong, a 1967. A shekarar ce Sarauniya Elizabeth ta ba ta lambar girma ta Dame, kwatankwacin Sir ga maza. Sai dai mantuwa ta riga ta fara kama ta. A 1966, tana wasan The Rivals tare da Ralph Richardson a gidan wasa na Haymarket, kalmomin suka riƙa kuɓuce mata, dole ta janye, kuma ba ta sake hawa dandamali ba. Cutar Alzheimer ce. Stringer ya yi jinyarta a gidansu da ke yankin Buckinghamshire har ta rasu ranar 22 ga Mayu, 1972, kwana goma sha ɗaya bayan cikarta shekara 80. Shi ma ya bi ta a watan Agustan 1973, aka binne shi kusa da ita a maƙabartar cocin St James da ke Gerrards Cross.

A nan za mu dakata. A ci gaba da sauraron sauran shirye-shiryenmu.