Auna Ingancin Kula da Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa a Cikin Al'umma ta Bakin Ma'aikata

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Likitoci, nas-nas, jami'an lafiya na matakin farko, masu ba da magani, da iyayenmu masu unguwanni, barkanmu da warhaka.

Maganarmu ta yau a kan awo ce. Ta yaya za a gane cewa kulawar da ake ba mai taɓin hankali, ko mai farfaɗiya, ko mai ciwon damuwa, a asibitin sha-ka-tafi da cikin gidansu, tana da inganci? Kuma ta yaya za a gane hakan daga bakin waɗanda ke yin aikin da hannunsu?

Kula da waɗannan bayin Allah a cikin jama'a ba baƙon abu ba ne a Najeriya. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara shi a Aro, kusa da Abeokuta, inda ake sauke mara lafiya da ɗan uwansa a gidajen mutanen ƙauye, yana zuwa asibiti da rana ana yi masa magani. A 1991 aka sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan lafiya na matakin farko. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don ma'aikatan da ba ƙwararru ba ne a fannin, sannan a watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Tsari dai akwai shi. Amma idan ka buɗe rahoton wata na yawancin cibiyoyi, abin da za ka tarar shi ne yawan mutanen da aka gani. Wannan lissafi yana nuna cewa ƙofa a buɗe take, ba ya nuna ko wanda ya shiga ya sami sauƙi.

Wani likita mai suna Avedis Donabedian ya raba awon inganci gida uku a 1966: kayan aiki da ma'aikata, yadda ake gudanar da aikin, da sakamakon da aka samu. Na tsakiyar nan babu wanda ya san shi kamar ma'aikaci. Mara lafiya ya san ko an mutunta shi, amma bai san cewa allurar da aka saba yi masa ta ƙare a sito tun makonni uku ba. Rajista ta san bai dawo ba, ba ta san dalili ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai kuma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan ka tambayi ma'aikaci, "Kuna kula da marasa lafiya yadda ya kamata?" kusan kowa zai ce e, kuma ba ƙarya yake yi ba, haka yake gani. Takardar tambayoyin da kowa ya ci maki tara cikin goma ba ta auna komai ba. Saboda haka ba ra'ayi za a tambaya ba, abin da ya faru za a tambaya, a ƙayyade lokaci, a sa adadi. Maimakon "Kana duba illar magani?" sai a ce, "A cikin mutum biyar na ƙarshe da ka ba Largactil ko halofaridol, mutum nawa ka duba musu rawar hannu, sandarewar wuya da dalalar miyau?" Yanzu dole ya tuna fuskoki. Tambayar kuma tana da tushe, don illolin waɗannan magungunan taɓin hankali suna cikin manyan abin da ke sa mutum ya watsar da magani ba tare da ya faɗa wa kowa ba. A bi ta da ta biyu: "Mutum nawa daga cikinsu ka haɗa wa Artane tun ranar farko?" Artane maganin rage waɗannan illoli ne, amma jagorar mhGAP ba ta yarda a riƙa ba kowa shi don rigakafi ba, sai illar ta bayyana, ga shi kuma ƙwaya ce da matasa ke shaye-shaye da ita. Wanda ya ce biyar cikin biyar ya nuna maka inda horo ya gaza.

Inda nake so mu daɗe shi ne batun dawowa, don a nan ne aikin cikin al'umma ke tsayuwa ko ya rushe. Waɗannan cututtuka ba zazzaɓi ba ne. Maganin damuwa irin su amitiriftilin yakan ɗauki makonni huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninsa sosai, kuma ana ci gaba da sha wata tara zuwa goma sha biyu bayan an warware. Wanda taɓin hankali ya kama karon farko, aƙalla shekara ɗaya bayan ya dawo hayyacinsa. Mai farfaɗiya sai ya shekara biyu bai faɗi ba kafin a fara tunanin rage masa. To cibiyar da mutanenta ke ɓacewa a wata na biyu ba ta yi musu magani ba, ta fara ne kawai.

Ga yadda ake lissafin. A ɗauki duk waɗanda suka fara magani a wata ɗaya, a ce Janairu, a rubuta su a shafi guda. A duba nawa ke zuwa a ƙarshen wata na uku, nawa a ƙarshen na shida. A ce mutum 40 suka fara, 14 suka rage a wata na shida, kashi 35 cikin ɗari ke nan. Kuskuren da aka fi yi shi ne a raba da yawan waɗanda suka zo a wannan wata, maimakon yawan waɗanda suka fara, sai lissafi ya fito fes alhali mutum 26 sun ɓace. Rajista ta gama nata a nan. Sauran sai bakin ma'aikaci: cikin 26 ɗin nan, nawa aka kira a waya? Nawa aka je gidansu? Nawa ne ma aka rubuta lambar mai jinyarsu tun farko? Sannan me aka tarar? Wani ya ji sauƙi ya ɗauka ya warke. Wani kuɗin mota ne. Wani damina ta faɗi, mai rako shi yana gona. Wata mijinta ya yi tafiya, babu mai ba ta izinin fita. Wani an mayar da shi wajen ruƙiya an ce ya ajiye ƙwaya. Kowane dalili da maganinsa daban: na kuɗin mota a mayar da ranar ganinsa ranar kasuwa, na ruƙiya a zauna da malamin a roƙe shi addu'a ta tafi tare da magani. Idan takardar awo ba ta da gurbin rubuta dalili, an yi asarar abin da ya fi daraja a kan ma'aikaci.

Magani kuma a ƙirga shi da kwanaki. Kada a ce "Kuna samun magani?" A ce, "A wata ukun da suka wuce, kwana nawa babu fenobabiton? Kwana nawa babu Tegretol? Kwana nawa babu allurar Modecate?" Biyun farko na farfaɗiya ne, Modecate na taɓin hankali. A gwada amsar da katin sito. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai farfaɗiyar da maganinsa ya yanke farat ɗaya yana iya shiga jijjiga mai jere da ba ta tsayawa, kuma tana kisa. Allurar Modecate ana yin ta ne duk mako biyu zuwa huɗu, wanda ya zo sau biyu aka ce babu, da wuya ya zo na uku.

Sai turawa zuwa babban asibiti. Daga ƙauye a tura mutum asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Maiduguri. A tambayi wanda ya tura: cikin goma na ƙarshe, nawa suka dawo da takarda mai sunan cuta da magani da adadinsa? Bayan an sallamo su, cikin kwana nawa aka gan su? Kwanakin farko bayan sallama su ne mafi haɗari wajen kashe kai, shi ya sa ƙasashe da yawa suka sa kwana bakwai a matsayin iyaka, Ingila ma ta rage zuwa awa 72. Haka batun masu sa ido: ba sau nawa suka zo ba, sau nawa wani ya zauna tare da kai kuka ga mara lafiya, ya gyara maka. Wanda ya sa hannu a rajista ya koma mota bai shiga lissafi ba.

Akwai abin da ba ya shiga rajista ko kaɗan, wato mutunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin QualityRights a 2012 saboda shi, kuma rahoton ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch na 2019 ya nuna yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da mari a gidaje da cibiyoyi a sassan Najeriya. Ma'aikacin da ke shiga gidaje shi ke ganin wannan. A tambaye shi mutum nawa ya tarar a ɗaure ko a kulle, nawa aka kwance bayan an fara magani, cikin kwana nawa. A tambaye shi ko ɗakin da yake ganin mutane yana da ƙofa, ko a baranda ake yi kowa na ji. A tambaye shi ko yana magana da mara lafiyan kansa, ko da ɗan rakiya kawai, shi kuwa yana zaune kamar kaya. Wannan na ƙarshen yana ci mini rai, don ba ya buƙatar ko kwabo.

Game da sakamako, akwai ma'aunan da ma'aikaci ke cikewa. HoNOS, wanda aka tsara a Ingila don auna halin da mai lalurar ƙwaƙwalwa yake ciki, yana da abubuwa 12, kowane daga 0 zuwa 4. PHQ-9 na damuwa tambaya tara ne, maki daga 0 zuwa 27, daga 10 zuwa sama abin kulawa ne, idan kuma makin ya ragu da rabi ana cewa magani ya karɓa. Amma a cike ranar farko da bayan wata uku, awo ɗaya ba ya nuna canji. Kuma a sa ma'aikata biyu su auna mutum ɗaya, kowa shi kaɗai. Idan suna yawan saɓawa da fiye da maki ɗaya a abu guda, a koma horo kafin a yarda da lambobin. Fassara ma tana da tarko. Kalmar "damuwa" tana ɗaukar tunanin bashi, da fargaba, da baƙin cikin da ya hana mutum tashi daga shimfiɗa. Mutum ɗaya ya fassara zuwa Hausa, wani da bai ga asalin ba ya mayar zuwa harshen asali, a gwada su, sannan a karanta wa mutum goma a ce kowa ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa.

Yadda ake raba takardar na iya ɓata duk wannan wahala. Kada a sa suna, kada shugaban cibiya ya karɓa da hannunsa. A cibiyar da ma'aikata uku ne, ko babu suna an san mai rubutun, don haka a haɗa sakamakon a matakin ƙaramar hukuma. Tambayoyi kada su wuce 25 zuwa 30, abin da za a gama cikin minti 15. Inda ake neman ra'ayi a ba da zaɓi huɗu, babu na tsakiya, don mutanenmu da kunya kowa zai fake a can. A rubuta mutum nawa aka ba, nawa suka mayar, domin waɗanda suka ƙi cikewa sau da yawa su ne suka fi gajiya da aikin. Gajiyar ma a auna ta, don wanda aiki ya cinye yakan ga komai baƙi, ko ya daina gani gaba ɗaya. Kada kuma a ɗaura sakamakon da ƙarin girma ko alawus. Ranar da aka yi haka, kowace cibiya za ta zama ta ɗaya a takarda.

Tambayoyi biyar ko shida a yi wa marasa lafiya da masu jinya irinsu sak. Idan ma'aikata tara cikin goma suka ce suna bayanin illar magani, masu jinya uku cikin goma suka ce an yi musu, ba a ce wani ya yi ƙarya ba. Mai yiwuwa an yi bayanin a tsaye, cikin minti ɗaya, mutum na riƙe da ɗansa da ke fizge-fizge. Gyaran shi ne a maimaita a zuwa na biyu, a sa mai jinya ya faɗa da bakinsa.

Sakamakon ya koma wa waɗanda suka cike cikin wata ɗaya, a zaune, su zaɓi abu ɗaya ko biyu da za su gyara da abin da ke hannunsu, kamar rubuta lambar waya biyu ga kowane sabon mara lafiya da kiran duk wanda ya wuce ranarsa da mako ɗaya. Bayan wata shida a sake awon da tambayoyin nan dai, ba a canza ko kalma ba.

Yanzu sai tambayoyi. Ina roƙon a fara da waɗanda ke aiki a cibiyoyin karkara, musamman masu zuwa gidaje.