Ƙari a ƙaramin hanji: wurin da tiyon kyamara ba ya kaiwa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka, daga nan Ingila nake magana. Yau batun ƙaramin hanji za mu taɓa, da ƙarin da ke fitowa a fatar cikinsa. Ba kasafai ake samunsa ba, kuma rashin yawan nasa ne ke cutar da masu shi, domin hankalin kowa ba ya zuwa wurin da wuri, har na likita.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen da ake leƙa ciki da kyamara. Ku dubi wannan zanen da ke bayana. Idan aka zura tiyo ta baki, zai bi maƙogwaro ya shiga tumbi, ya leƙa farkon ƙaramin hanji, wato duwodinam, wanda duk tsawonsa kamar santimita 25 ne. Idan ta dubura aka zura, zai bi babban hanji kaf, wani lokaci ya ɗan leƙa wutsiyar ƙaramin. Shi kuwa ƙaramin hanjin nan ya kai mita 6. An ga sama, an ga ƙasa, amma kusan mita 5 na tsakiya babu idon da ya kai gare su. Sai a ce wa mutum ba a ga komai ba. Gaskiya aka faɗa masa, amma iya inda aka duba ne.

Fatar cikin hanjin nan ba shafaffiya ba ce. Cike take da 'yan tsiro-tsiro kamar gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abin da muka ci su kai cikin jini. Duk da faɗin wurin, sankarar da ke kama shi ba ta kai kashi 5 cikin 100 na sankarar hanyar abinci ba. A Amurka mutum sama da 12,000 ake samu da ita a shekara, ta babban hanji kuwa wajen 150,000. Masana na danganta hakan da cewa abin da ke ratsa wurin ruwa-ruwa ne kuma ba ya daɗewa, ƙwayoyin bakteriya ba su da yawa kamar a babban hanji, sannan fatar kanta tana sabunta kanta duk bayan kwana 3 zuwa 5.

Ba kowane ƙari ne sankara ba, wannan ku riƙe shi. Akwai tsiron da yake zaune lafiya, sai dai ya yi ta tsiyayar da jini. Masu haɗarin kuma iri-iri ne. Adenokasinoma daga ƙwayoyin fatar take tashi, ta fi son duwodinam, kusa da inda ruwan matsarmama ke zubowa, shi ya sa wani da ciwon shawara zai fara, ido ya yi ɗorawa. Akwai limfoma, wato sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki, akwai wanda ke fitowa daga cikin bangon hanjin.

Wanda nake so in ɗan tsaya a kansa shi ne kasinoyid, mai tashi daga ƙwayoyin da ke fitar da sinadarai a hanji. Ya fi zama can ƙarshen ƙaramin hanji, ɗan mitsitsi, yana girma a hankali, shekara da shekaru ba a san da shi ba. Yana zuba sinadarin serotonin a jini, amma hanta na tace shi, don haka shiru kake ji. Sai ya bazu ya kai hantar kanta sannan alamu su ɓarke: zawo mai ruwa har cikin dare, numfashi yana fito, fuska da wuya su ɗau zafi farat ɗaya su yi ja. To nan ne abin ke damuna. Littattafan koyarwa jar fuska suke kwatantawa, mu kuwa masu duhun fata jan ba ya bayyana sosai. Don haka kada ki jira a gani a fuskarki, 'yar uwa, ki faɗa da bakinki cewa zafi na taso miki, sau nawa, kuma tare da zawo yake zuwa. Da yawa an ɗauka ɗaukewar al'ada ce kawai. Akwai gwajin fitsarin awa 24 da ke nuna ragowar sinadarin.

Sauran alamun kuwa babu wanda bai san su ba, shi ya sa ake raina su: ciwon ciki mai zuwa yana tafiya, tashin zuciya, amai bayan cin abinci, rama babu dalili, kasala. Sai a ce olsa ce, a yi ta shan maganin olsa wata da watanni. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ƙarancin jini. Mutum ya sha maganin ƙarin jini, jinin ya hau, ya daina, ya sake sauka. Jinin nan wani wuri yake zuwa. Bayan gida kan yi baƙi ƙirin kamar kwalta, amma maganin ƙarin jinin shi ma yana baƙanta bayan gida, sai alamar ta ɓuya a bayansa. Namiji baligi, ko macen da ta daina al'ada, in jininsa na sauka haka, ba a barin maganar sai an gano inda yake tsiyaya.

Ga abin da ya canja lamarin, bari in matso da shi kusa da kyamara. Wannan kafso ne, tsawonsa santimita 2 da rabi da 'yan kai. Kun ga kansa garai-garai ne? A ciki akwai kyamara da fitilu, ga su nan suna ƙyaftawa. An amince da amfani da shi a Amurka a 2001. Mutum zai kwana bai ci komai ba, da safe mu ɗaura masa ɗamara mai na'urar naɗar hoto, ya haɗiye kafson da ruwa, ya tafi harkarsa. Cikin awa 8 zai ɗauki hotuna dubbai, daga baya ya fita ta bayan gida, ba a sake amfani da shi. Tsoro kan kama mutane in suka gan shi a tafin hannu, amma santsi gare shi, yawanci kurɓa ɗaya ya wuce.

Yana da iyakarsa. Gani kawai yake yi, ba ya yanko nama don gwaji, kuma in hanji ya tsuke zai iya maƙalewa. Wanda ake zargin hanjinsa ya tsuke akan fara ba shi wani kafso na gwaji mai narkewa da kansa. Ba a shiga na'urar MRI sai an tabbatar ya fita. In an ga abu, sai a bi shi da tiyo mai balan-balan biyu, dabarar likitan Japan Hironori Yamamoto, ita ma ta 2001, wadda ke tattaro hanjin kaɗan-kaɗan har a isa wurin. Hoton CT kuma shi ke nuna ko abin ya bazu.

Maganin farko tiyata ce. A yanke sashen da ƙarin yake tare da kaluluwar da ke kewaye, a haɗe bakin hanjin, kuma da yake yana da tsawo, yawanci ragowar na isar mutum. Na farkon duwodinam ne ke iya buƙatar babbar tiyatar da ake kira Whipple, wadda ake cire duwodinam ɗin tare da wasu sassan da ke maƙwabtaka da shi. Masu kasinoyid da ya bazu ana yi musu allurar wata-wata, oktiriyotayid ko lanriyotayid, tana kwantar da zawon da zafin, tana rage saurin girmansa, kuma da dama suna shekaru masu yawa suna aikinsu.

Akwai waɗanda ya kamata su fi kowa sa ido: masu cutar Crohn (wato kumburin hanji) da ta daɗe, masu siliyak (waɗanda alkama ke lalata musu hanji), da dangin da ke gadon tsiron hanji ko larurar Lynch, wata larurar gado mai ƙara haɗarin sankara. Akwai kuma larurar Peutz-Jeghers, wadda ke zuwa da ɗigo-ɗigon baƙi a leɓe da cikin baki tun ana yara. In an taɓa samun sankarar hanji ko ta mahaifa a gidanku, musamman ga wanda bai kai shekara 50 ba, ku tambayi manya ku ji waye da waye, ku rubuta, ku tafi da takardar wurin likita. Wanda kuma aka leƙa shi sama da ƙasa jininsa bai daina sauka ba, ya koma ya ce: likita, ƙaramin hanjin fa, an duba shi?

Masu fama da wannan larura, Allah ya ba ku lafiya, ya sa kaffara ce. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa, bidiyo na gaba a kan gwajin gado na larurar Lynch zai kasance, in sha Allahu.