Daren Da Sanyin Bradford Ya Raba Ni Da Arsenal

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu da ke gaba, ƙannena da ke baya kuna ta latsa waya, barkanmu da yamma.

Kafin in fara, 'yan Arsenal su ɗaga hannu. To, madalla, kun fi rabin zauren. Ku yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni ma naku ne a da.

Karatu ya kai ni Bradford, wani gari a arewacin Ingila da ya yi suna da masaƙun ulu, yanzu kuma cike yake da Musulmi 'yan asalin Pakistan. Ɗakin da na kama yana unguwar Manningham, tafiyar ƙafa kaɗan daga filin Valley Parade na ƙungiyar Bradford City. A lokacin tana rukuni na huɗu. Ku lissafa: Firimiya ƙungiya 20 ce, ƙarƙashinta akwai rukuni uku masu 24 kowanne, jimla 92, su kuma suna can wajen gindin tukunya. Da ma ba haka suke ba. Sun ci kofin FA a 1911, sun yi kaka biyu a Firimiya daga 1999 zuwa 2001, sannan bashi ya kayar da su, suka yi ta gangarawa har rukuni na huɗu a 2007.

Ranar da na fara shiga filin, wallahi araha ce ta kai ni, ba ƙauna ba. Kuma ku daina kwatanta sanyin can da hunturunmu. Namu jaura ce da ƙura, rana ta fito ka cire rigar sanyi. Nasu jiƙaƙƙe ne, yana bi ta tafin takalmi ya hau har gwiwa. Ana take wasa ƙarfe uku, kafin a tafi hutun rabin lokaci an kunna fitilu, domin a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Magaribata a hutun rabin lokaci take riskata. Alwala da ruwan famfon filin nan, sai da na kai minti goma ban san ina da yatsu ba.

Akwai wani dattijo da kujerarsa ke kusa da tawa, kullum da bargo a cinya da fulas na shayi. Ba ya ihu, ba ya waƙa, sai tsaki. Duk wasa sai ya ce wannan ce ƙungiya mafi muni da ya taɓa gani, mako biyu kuma ka same shi a kujerar. Rannan na ce, Baba, to me ya hana ka zama a gida? Ya yi min kallon wanda ya tambayi mutum dalilin zuwa jana'izar maƙwabci. Ya nuna min ɓangaren da muke zaune ya ce nan ne ya ƙone. Ranar 11 ga Mayu 1985, ana wasa da Lincoln City, ranar da ake murnar sun ci gasar rukuni na uku, gobara ta tashi a rumfar katako, cikin 'yan mintuna ta cinye ta, mutum 56 suka rasu. Bai ƙara komai ba. Ya zuba shayi a murfin fulas ya miƙo min.

To, sai ga Talata 11 ga Disamba 2012. Kofin Lig, zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, Arsenal ta zo Valley Parade. Kada wani ya ce min yara kocin Arsenal Wenger ya zubo. Cazorla na ciki, Wilshere na ciki, Podolski, Vermaelen, Sagna, Gervinho. Su kuwa Bradford, ɗan gabansu James Hanson kafin ya zama ƙwararre kaya yake jerawa a kanti. Mutum kusan 24,000 muka cika filin, numfashin kowa na fita kamar hayaƙin murhu. Na sa rigar Arsenal a can ciki, ƙarƙashin riguna uku, don ba na neman rigima. (dariya)

Minti na 16 Garry Thompson na Bradford ya ɗauki ƙwallo tun ba ta taɓa ƙasa ba ya zura. Dattijon nan mai tsaki ya miƙe, bargo ya faɗi, ya rungume ni. Ni kuma ga ni da rigar abokan gaba a jiki. Kafin hutu aka miƙo wa Gervinho ƙwallo a bakin raga, babu kowa a gabansa, ya kasa taɓa ta yadda ya kamata. Wanda ya kalla a gidan kallo ya san zagin da aka sha a daren. Ni abin da ya ba ni tsoro, ajiyar zuciya na ji na yi.

Daga nan wasa ya koma tsaron gida zalla. Arsenal na kai hari, su suna jefa jiki, kowane minti kamar shekara. Saura minti biyu Vermaelen ya farke da ka. Filin ya yi tsit, Baba ya ce, “Na faɗa maka.” Ƙarin lokaci bai raba gardama ba, aka tafi fenariti. Golan Bradford Matt Duke ya tare ta Cazorla, Chamakh ya daki turke, su ma suka zubar da biyu. Ta ƙarshe Vermaelen ya zo, wanda ya ceci Arsenal ɗazu, shi ma ya daki turke. Bradford ta ci uku da biyu.

Abin da na lura da shi a wannan hayaniya, murnar ba iri ɗaya ba ce. Waɗanda suka zo don ganin Arsenal suna ɗaukar hoto. Waɗanda suka sha ruwan sama shekara biyar ana doke su a wasannin da ko talabijin ba ta nunawa, su kuka suke yi. Baba ya zauna yana naɗe bargonsa, hannunsa na rawa.

Sauran labarin gajere ne. 'Yan Bradford sun fitar da Aston Villa, suka je wasan ƙarshe a filin Wembley a Fabrairun 2013, Swansea ta yi musu biyar babu ko ɗaya. A Mayu suka koma Wembley wasan neman hawa rukuni, suka ci Northampton uku da nema, suka hau rukuni na uku.

Da na dawo gida, a 2022 Kano Pillars mai kofin lig huɗu ta faɗi rukuni na biyu. Na zauna a majalisa ina jin samari suna musu har jijiyar wuya kan wanda Chelsea za ta saya, ba wanda ya san da wa Masu Gida za su kara a ƙarshen mako. Ba na cewa ku bar gidan kallo, ni ma ina zuwa. Amma a zauren nan, wa ya biya kuɗin ƙofa ya kalli wasan rukuni na biyu ko sau ɗaya? Ɗaya, biyu... Malam na baya, kai ɗaga hannu ka yi ko ƙeya kake sosawa? (dariya)

Shugaba yana nuna min agogo. A kawo tambayoyi kafin a kira salla.